Kular da Na Kai Jiratawa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, maimakon ya ce firjinsa ya daina sanyi in san abin yi, sai ya ce Malam Habu yaya Nijar, ina kilishinmu. Na gaji da cewa lafiya lau alhali ba lafiya lau ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kilishi kuwa ban sayo ba, kuma ban ba kowa haƙuri ba.

Ga wanda bai sani ba, ƙanwata Saude tana aure a Jiratawa, kudu da Maraɗi kaɗan. Mahaifiyarmu 'yar can ce, auren zumunci aka yi, kuma Saude da kanta ta ce ta ji ta gani. Mijinta ya tafi nema Aljeriya, ita kuma tana babban gidansu tare da uwar mijin da yayyensa da matansu. Bara da damina babban ɗanta Ila ya kwanta da zazzaɓi. Aka yi ta ba shi maganin cizon sauro da jiƙe-jiƙe, sai da cikin yaro ya kumbura ya yi tauri sannan aka kai shi asibiti a Maraɗi, aka ce taifot ce ta huda hanji. An yi masa aiki, bai tashi ba. Saura biyu suka rage mata, Nafisa da ƙanenta Mamman, kuma ruwan da Ila ya sha shi suke sha har gobe.

Akwai wata likita a nan Kano da na daɗe ina gyara mata firjin asibitinta. Ita na ba labarin nan, ta ce akwai rigakafin taifot na haɗiya, ba lallai sai allura ba, amma ba a cika samunsa a nan ba. Da ta yi tafiya waje ta taho mini da na mutum biyu. Ta zaunar da ni ta yi mini karatu kamar ɗan firamare. Ƙwaya uku ce ga kowane yaro, a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi, haka har su ƙare. Abin da ke ciki mai rai ne, an dai raunana shi, don haka zafi na kashe shi. Ba a taunawa, ba a fasawa, da ruwa mai sanyi ake haɗiyewa tun ciki bai ga komai ba. Ba a ba ƙananan yara, kuma ko an sha daidai ba a daina kula da ruwan sha. Na ce likita, in dai maganar sanyi ce ai kin zo gidana. Na jera ƙanƙara a kula, na naɗe kwalin a leda da tsumma don kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, na kama hanya ana gab da faɗuwar ruwan farko, lokacin da zafi ke dafa mutum a tsaye.

Rigima ta fara tun daga tashar Kano. Kwandasta ya ce kula kaya ce, a but za ta zauna. Na ce but ɗin da ke kan salansa? A cinyata za ta zauna ko a ba ni wata motar. Muka yi ta yi har direba ya sa baki. Wata mata 'yar kasuwa da ke gefena ta yi ta satar kallon kular har muka wuce Bichi, sannan ta ce in zoɓo ne in sayar mata ɗaya. Na ce magani ne. Ta ce na sanyin ƙashi? Na ce na taifot. Nan take ta lissafo mini ganyaye iri-iri da ake dafawa a yi sirace, ta ce ita da su ta raini 'ya'yanta. Na juya kaina wajen taga, don na san in na buɗe baki ba za mu rabu lafiya ba.

Daga Katsina na canza mota zuwa Jibiya, daga nan sai iyaka. Ba zan ce ga ɓangaren da abin ya faru ba, amma a wani shinge wani mai kaki ya ce in buɗe. Na buɗe, na nuna masa kwalin da takardar likita, na ce don Allah ya duba da sauri in rufe. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗora hannu ɗaya a kan murfin, a buɗe, a tsakiyar rana, ya shiga gaisawa da wani har da tambayar lafiyar awaki. Ina tsaye ina kallon ƙanƙarata tana zufa. Da na matsa zan rufe sai ya daka mini harara. Da ya gama wayar, ya zaro ƙanƙara guda ya goga a wuyansa, ya ce in wuce. Na rantse ban taɓa haɗiye zagi mai girman na ranar ba.

A Ɗan Isa muka shiga wata tsohuwar mota wadda ban san me ke riƙe da ita ba ban da igiya da addu'a. An cika ta da buhuna da jarkoki, mu mutane aka cusa mu a ragowar wurin. Sau biyu muna sauka muna turi, ni da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da kula. Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda ya ji haushi sai ni. A Kano da tuni an zazzage direban nan tas. Su kuwa sai dariya da sannu, wani ma har ya ce motar ta yi ƙoƙari. Muka zo mararrabar Jiratawa ina ganin hanyar gidan ƙanwata, amma ina jin ruwa yana kaɗawa a cikin kular, kuma na san gidansu ba firji. Na danne zuciyata na wuce Maraɗi neman sanyi tukuna.

Maraɗi garin babura ne. Kabu-kabu suke ce wa ɗan acaɓa, kuma suna da yawa har ka rasa ta inda za ka tsallaka titi. Wanda ya ɗauke ni ya ce in ba shi kular ya ɗora a kan tanki, na ce tankin da ya yi zafi kamar tanda? Ya kai ni Sabon Gari gidan Isuhu, ɗan ƙanen mahaifiyarmu, wato taubashina, mai sayar da atamfa. Yana ganina ya fashe da dariya.

"Kai taubashi, mi ka rungumo haka awa mai tallar kihi?"

Na ce ya bar wasa ya nuna mini firjinsa. Ya kai ni wani lungu ya buɗe abin da yake kira firigo, sai ga kwanuka da robar sukari a jere a ciki. Ya ce wutar lantarki, wadda suke kira kuran, ta zama baƙuwa a unguwar, kuma ranar tun safe ba a gan ta ba. Na sa hannu cikin kular. Da sauran sanyi, amma ƙanƙarar ta koma 'yan ƙwalaye. Muka zaga masu sayar da ruwan sanyi na unguwar, kowa ya ce tasa ta ƙare tun azahar. Sai wani mai shayi ya ce mu je Tsibiri, akwai wata Hajiya da ke yin ƙanƙara a firiza mai aiki da hasken rana.

Isuhu ya goya ni a babur ɗinsa. Tsibiri ba nisa, garin Gobirawa ne, da yawansu da safe su shigo Maraɗi aiki da yamma su koma. Gonakin hatsi duk an share ana jiran ruwa. Hajiyar nan mai zube a kumatu ta ce ƙanƙarar da ta rage ta masu biki ce, an riga an kama. Na roƙe ta, ta ce babu. Ina cikin roƙon idona ya kai kan firizarta, na ga robar ƙofar ta saki, sanyi yana zurarewa. Na ce a ba ni ruwan ɗumi da tsumma. Na gasa robar na mayar da ita mazauninta, ƙofa ta kama gam. Hajiya ta ja ta ji, ta dube ni, ta cika mini kular da ƙanƙara, ta ce masu bikin ai ba za su ƙirga ba.

A ƙofar gidan nan na haɗu da mutum ɗaya tak da ya fahimce ni a duk tafiyar. Wani tsoho ne daga ƙauye, ya kawo wa Hajiya itace, Isuhu ya raɗa mini cewa irin mutanen nan ne da har yanzu suke riƙe da al'adun kakanni. Ya tambayi abin da nake yi wa wahala haka, na gaya masa magani ne mai rai, zafi na kashe shi, kuma ba a haɗa shi da abinci. Bai yi dariya ba. Ya ce su ma nasu haka yake, kowane magani da sharaɗinsa, wanda ya karya sharaɗi ya sha banza. Na ji kamar in ɗauke shi mu tafi Jiratawa tare.

Masauki dai ba laifi. Matar Isuhu ta yi dambu da zogale wanda ban taɓa cin irinsa ba, gaskiya a nan sun fi mu. Burodinsu kuwa dogo ne kamar taɓarya, in ya kwana sai ka yi da gaske kafin ka gutsura. Shayinsu a ɗan mitsitsin kofi, baƙi ƙirin, ana dafawa ana juyewa ana sake dafawa, mutum ya zauna rabin yini a kan abin da bai kai maƙogwaro ba. Suna kiran wurin zaman fada, kamar majalisarmu. Suka yi ta tsokanata wai 'yan Najeriya kullum a guje kamar an biyo su. Ni dai na kira Saude na ce gobe da sassafe ina tafe, kada ta ba Nafisa da Mamman komai, ko ruwan koko, sai na zo. Ta ce to Yaya.

Da safe muka isa Jiratawa. Wuri ne mai lambuna, ga zogale ga tattasai, ruwa na bin 'yan magudanai, yara na wanka a ciki wasu na cika bokitai. Gidan babba ne, ginin ƙasa, da zaure mai faɗi. Muna tsayawa matasan gidan suka yo kanmu da maraba, wannan ya karɓi jaka, wannan ya karɓi ledar tsaraba, wani ya kama kular. Na riƙe. Isuhu ya taka mini ƙafa, ya ce a nan baƙo ba ya shiga gidan surukai da kaya a hannu, cin fuska ne, a bari su kai ɗakin tsohuwa kamar yadda ake yi. Kular da na hana kwandasta, na hana ɗan kabu-kabu, ita na saki a ƙofar gidan. Na dai ce a ajiye a inuwa kada a buɗe, yaron ya ce to, ya shige.

A zaure Malam Lawali, yayan mijin Saude kuma babban gidan, ya tara dattawan unguwa, domin tun rasuwar Ila ban zo gaisuwa ba. Ku da kuka san gaisuwar Kano, ku ninka ta. Kowane dattijo sai ya tambayi gida, da iyali, da gajiya, da zafi, da mutanen Najeriya ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaga hannu a yi wa mamaci addu'a. Ana shafawa wani ya shigo, a koma farko. Addu'ar ɗan ƙanwata ake yi, da wane baki zan ce a dakata in shiga wurin mata? Na zauna ina amin, hankalina yana cikin gida. Can na fara jin hayaniyar yara da ƙarar ludayi, na ce a raina masu karin kumallo ne, nawa biyun suna jirana.

Da aka sallame mu aka yi mini iso. Na shiga tsakar gida na tarar da yara sun fi goma a zaune a kan tabarma, har da na goye a cinyar uwayensu, kowa bakinsa da koko. A tsakiya ga Inna Tsahara, uwar mijin Saude, da babbar ƙwarya a gabanta tana tururi. A gefenta ga kulata a buɗe, yara sun rarraba ƙanƙarar suna tsotsa. A ƙasa kuma ga kwali, ga ɓawon ƙwayoyin nan shida, an ɓare kowace an zazzage.

Abin da ya faru shi ne, Saude ta gaya wa tsohuwa cewa yayanta na tafe da maganin hana taifot, kuma da yunwa ake sha. Sai tsohuwa ta hana yaran gidan kaf karyawa. A gidan nan duk tsarabar da ta shigo ɗakinta ake kaiwa, ita ke rabawa, ko alawa guda ce sai ta fasa ta kowa ya lasa. Magani kuma in na tsari ne, irin wanda ake yi wa yara lokacin baƙon dauro, a kunu ake damawa kowa ya kurɓa. Ta raba sabulu, ta raba dabino, ta zo kan ƙwaya shida ga yara sun fi goma, sai ta yi abin da ta saba.

Ban san lokacin da na ce, "Inna, me kika yi haka?" ba. Muryata ta fi ƙarfin wurin, matan gidan duk suka juyo.

Ta dube ni ba tare da ta ajiye ludayin ba. "Ɗana, ɗiyan ga duka randa guda su ka sha. Ƙaƙa za ni ba biyu, sauran su tsaya kallo?"

Na ce ba don rowa ba ne. Na yi bayanin zafi, na yi bayanin fasawa, na ce ko su biyun sai kowa ya haɗiyi uku cikin kwanaki kafin ya yi aiki, yanzu kuwa babu yaro ɗaya a tabarmar nan da ya sami komai ban da koko. Ta ce Allah ya yi mini albarka, na yi zumunci, kuma ɗacin maganin ma bai fito ba, yara sun sha da daɗi. Wallahi da namiji ne sa'ana da an raba mu. Amma tsohuwa ce ta haifi kamata, tana sa mini albarka, fuskarta cike da jin daɗin ta yi adalci.

Na koma zaure na gaya wa Malam Lawali gaskiya tsirara, na ce maganin nan ya mutu, kada kowa ya ɗauka an yi wa yaran nan rigakafi. Ya yi murmushi irin na manya.

"Malam Habu, magani in ya shiga ciki ai ya shiga. Waraka ta Allah ta."

Dattawan suka ce ƙwarai. Na ga yadda suke kallona, mutumin birni ya kawo abu don 'ya'yan ƙanwarsa kaɗai, an raba da kowa, yana ƙunci. Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa aiko da godiya, wata ta aiko da ƙwai, wata ma ta aiko tambaya ko akwai ragowar kokon a sammata wa nata. Duk wanda na ce wa bai yi aiki ba sai ya ce kai Malam, kawaici ne irin naka. Ban taɓa shan godiyar da ta ƙona mini rai irin wannan ba.

Na nemi a ba ni Nafisa da Mamman in tafi da su Kano har damina ta wuce, in nema musu ko na allura ne. Malam Lawali ya ce ubansu ba ya nan, ba zai ba da 'ya'yan ƙanensa ba da izninsa ba, ga makaranta, ga shuka ta ƙarato. Ya faɗa da ladabi, amma na ji abin da ke ƙarƙashi, wato kawu dangin uwa ne, iyakarsa zaure. Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka da zabuwa guda da aka yanka domina. Isuhu ya ci nasa ya ci nawa.

Saude ta rako ni har bakin hanya, ita ce kaɗai damar da muka samu mu biyu. Na juye mata duk abin da na kasa juye wa tsohuwa. Na ce ke da kika ji bayanina a waya, kina tsaye aka ɓare su? Ta ce ta yi magana sau ɗaya, tsohuwa ta ce to nuna mini waɗanda za a hana. Matar da ke kusa da ita a lokacin ita ce ta goya Ila a bayanta har bakin titi ranar da aka kai shi asibiti, ga 'ya'yanta uku a kan tabarmar. Ta ce Yaya, a gidan nan zan kwana yau da gobe, kai mota za ka hau. Sannan ta tambaye ni a hankali ko ɗan abin da suka sha zai tsare su ko yaya ne. Na so in yi mata ƙarya, amma na ce a'a. Na ce ta riƙa tafasa musu ruwa, ta ce tana yi a ɗakinta, amma yaro in ya fita wasa duk randar da ya samu ita ce tasa.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari. Kular ba komai a ciki, na bar kwandasta ya jefa ta but, ba wanda ya ce in buɗe a ko'ina. Na je na gaya wa likita, ta riƙe kai, ta ce za ta sake nema amma ba ta san ranar da za ta yi wata tafiyar ba.

Ruwa ya sauka can, an yi shuka. Shekaranjiya Saude ta kira ni, ta ce jikin Nafisa da zafi kusan mako, tana kukan kai da ciki, ba ta cin abinci. Na ce me kuke jira, ki ɗora ta a kabu-kabu ku tafi asibiti yanzu, a duba jininta. Ta ce ta nemi a kai ta, an ce a ƙara kwana biyu a gani, ana ba ta jiƙo. Na ce wa ya ce? Ina jin kukan awaki ta cikin wayar, ta ce Inna ce. Ta ce Inna ta ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ko mene ne wannan ba taifot ba ce, tunda yarinya ta sha maganin kawunta.